Albarkar Kasuwa

A shekarar da yayanku Mansur ya tafi makarantar hafsoshin soja, ga abin da nake da shi. Sito uku a Funtua, biyu nawa, ɗaya na haya. Masu saye daga kudu da suka saba da ni har ba sa turo mutum ya duba kaya, waya kawai suke yi in loda musu tirela. Manoma tun daga Maska har ƙauyukan Malumfashi da ba sa kai masararsu wurin kowa sai sun fara jin ta bakina. Gwiwa ɗaya da ta fara ƙin hawa bayan mota. Sai kuma ku 'ya'yana, waɗanda a cikinku mutum ɗaya ne tak ya isa ya tsaya a madadina a kasuwa, shi ne Mansur. Sauranku mata ne ko ƙanana, autanku ma ba a yaye shi ba. Duk abin da na lissafa a kan yaron nan yake tsaye, domin sito ba ya sayen hatsi da kansa. Na san a cikinku akwai masu cewa na hana shi tafiya sai da mahaifiyarku ta yi kuka, akwai kuma masu cewa ni na tura shi don a riƙa kirana baban soja. Duka biyun ba haka aka yi ba, shi ya sa na ware wa zancen babi guda.

Tun yana firamare yake bina kasuwa lokacin hutu. Ban koya masa komai da baki ba, kallo yake yi. Kafin ya gama sakandare, in ya jefa ƙwayar masara a baki ya ciza, zai gaya maka ko ta bushe ko an yi gaggawar casa ta. Ya san manomin da ke zuba mai kyau a bakin buhu ya ɓoye ɗanya a tsakiya, ya kuma san yadda ake gaya wa mutum an gane shi ba tare da an kunyata shi a gaban jama'a ba, wanda wannan ya fi na farkon wuya. Ni a raina na gama tsara masa rayuwa. Zai shiga wata makarantar gaba da sakandare a nan kusa, ya yi karatu da rana, ya riƙe sito da safe, a hankali in koma zama a kan benci ina amsa gaisuwa. Ban taɓa gaya masa wannan tsarin ba, domin ban ga abin faɗi a ciki ba.

Abin da na fara lura da shi takalmi ne. Takalminsa na roba ya cinye cikin ɗan lokaci, aka sayi wani, shi ma ya cinye. Sai na ga in mun fito daga sallar asuba ba ya biyo ni gida, sai da hantsi yake shigowa da jiƙaƙƙiyar riga. Na yi zargin ƙwallo, na yi zargin yarinya, na yi zargin abin da ya fi waɗannan muni, har na shiga ɗakinsa ina shinshina aljihun rigunansa. Ban samu komai ba. Wata safiya na yi sammakon zuwa Maska duba wake, sai na tarar da samari a jere suna gudu a gefen titi, wani dattijo a kan babur yana binsu a baya yana musu tsawa. Na gane dattijon. Sajan Iliya ne, tsohon soja da ya yi ritaya ya koma noma a wani ƙauye kusa da Malumfashi, yana da ɗan gida a Funtua, kuma duk kaka ni yake sayar wa masara. Na biyu a layin Mansur ne.

Da ya shigo sito na bari ya gama ƙirga buhunan da aka sauke, sannan na kira shi.

"Gudun me kake yi a hanyar Maska? Wa ya biyo ka?"

"Babu kowa, Baba. Shiri nake yi."

"Shirin me?"

"Na zauna jarrabawar makarantar hafsoshi, na ci. Sun kira mu tantancewa."

"Yaushe ka zauna ta?"

"Ranar da na ce maka zan raka abokina Zariya."

"Mahaifiyarka ta sani?"

Ya sunkuyar da kai, na samu amsata.

Ban yi faɗa ba, lissafi na yi. A iya sanina, tun da na fara sayar da hatsi a tiya har na kai ga tirela, ban taɓa ganin abu mai daraja ya tashi daga hannu ya koma wani hannu babu dillali a tsakani ba. Buhun masara ɗaya ma sai an ci la'ada a kansa, balle gurbin zama hafsa, wanda kowace jiha 'yan kaɗan ake ɗauka, manya kuma suna da 'ya'ya. Ni ban san kowa a soja ba. Saboda haka na ce a raina, bari ya je a koro shi, ya dawo ya zauna a sito da sanyin jiki, babu mai cewa ni na tare masa hanya. Na ba shi kuɗin mota da fara'a, har Hajiya mahaifiyarku ta yi mamaki.

Ya daɗe a can fiye da yadda na zata. Ya dawo ya yi baƙi ya rame, yana ba ƙannensa labari a tsakar gida, ni ina ɗaki ina ji. An auna tsawonsu da faɗin ƙirjinsu, an ɗebi jini da fitsari, an duba idanu da haƙora, an duba tafin ƙafa ko shimfiɗaɗɗe ne, an sa su haɗe ƙafafu a ga ko gwiwoyi suna karo. An sa su gudu, an sa su tsallake katanga, an ba su gungume su ɗauka a ƙungiya ana kallon wa ke ba da shawara, wa ke laɓewa. Daga ƙarshe kowa ya shiga gaban manyan hafsoshi shi kaɗai suna jefo masa tambayoyi. Kullum da safe sai an kira sunayen wasu a ce su ɗauki kayansu. Shi ba a kira nasa ba. Na ce a raina, ai haka ake yi, sai an tara 'ya'yan talakawa sun cika fili kafin a ɗauki waɗanda dama aka shirya ɗauka.

Damina ta yi nisa, masara ta fara bushewa a gona, sai ga shi ya shigo da waya a hannu, ya ce an ɗauke shi. Mata suka yi guɗa, maƙwabta suka shigo taya murna. Ni tambaya ɗaya ce ta tsaya mini a wuya: wa ya biya? Domin in wani ya biya, to akwai wanda yanzu yake da igiya a wuyan ɗana, wata rana kuma zai ja ta. In kuma babu wanda ya biya, to wataƙila sunan ma na bogi ne, 'yan damfara ne suka shirya, gobe za su bugo waya su ce a turo na kayan sawa.

Na fara da gida. Na ce wa Hajiya ta fito mini da sarƙarta da 'yan kunnenta na zinariya in gani.

"Biki za ka, Alhaji?"

"Gani kawai zan yi."

Ta buɗe akwati ta zube su a kan gado, ta riƙe ƙugu.

"Ga su nan. Saniyata ma tana rugar Ardo, in kana so a kira ta ta gaishe ka. Ni addu'a na biya, ita kuma ba a ba ni rasit ba."

Daga nan na nufi Sajan Iliya. Na hau motar Malumfashi, na ƙarasa ƙauyensu a babur, na same shi a gona yana karyar masara. Mutum ne da aka haifa a gidan da ke bin addinin gargajiya, ya shiga coci yana saurayi, ya yi soja har ya gaji, kuma bakinsa ba shi da linzami. Muka gaisa, muka taɓa zancen farashin bana, sannan na sassauta murya yadda ake yi wa dillali.

"Sajan, na zo godiya. Na kuma zo in ji nauyin da ke kaina, don ba na son wani ya ɗaukar mini kaya ban sani ba."

"Wane nauyi, Alhaji?"

"Na mutanen da ka gani a kan yaron nan. Ka faɗa mini ko nawa ne, in sauke."

Ya ajiye masarar da ke hannunsa ya dube ni, sai ya yi dariya har da tari.

"Alhaji, ka ga wancan mai jan wandon da ke ɗaure buhu? Ɗana ne, Bitrus. Sau biyu yana zuwa, sau biyu ana koro shi, na farko a gudu, na biyu a awon jini. Da ina da mutane, shi zan bari yana ɗaure buhu in shigar da naka? Ni sajan na fito. Waɗanda ke zama a teburin nan, in na gan su ƙamewa nake yi."

"To me kake samu a gudun da kake sa su?"

"Man babur nake ƙonawa. In sun zama hafsoshi su riƙa tunawa wani tsoho ya taɓa zaginsu."

Na dawo ban gamsu ba. Na ga dillalai da yawa da ke rantsuwa ba su ci komai ba alhali sun ci ta ɓangare biyu. Amma na je da kaina wurin wani malamin makaranta da na yarda da shi, ya bincika ya tabbatar mini sunan na gaskiya ne, kuma an sa ranar da za su hallara. Wanda bai je a ranar ba, gurbinsa na wani ne daga cikin masu jiran tsammani. Ranar kuwa ta faɗo daidai farkon kaka, lokacin da nake sayen kayan da zan ci shekara da su.

Wata Juma'a bayan mun sauko daga masallaci, ina zaune a falo na gama cin abinci, Hajiya tana kwashe kwanuka, sai Mansur ya shigo ya durƙusa.

"Baba, lokaci ya matso. Na zo ka sa mini albarka in tafi."

Na dube shi, na ce, "Albarka."

Hajiya ta ajiye kwano ta ɗaga hannu tana cewa amin, amin, Allah ya saka maka da alheri, Alhaji. Ta fita tana gaya wa 'yan'uwanku mata an gama. Shi kuwa Mansur bai motsa ba. Yaron da ya girma a bakin sito ya san abin da kalmar nan take nufi in ta fito ita kaɗai daga bakin mai kaya. In mai saye ya taya, tayin bai kai ba, ba ka ce masa a'a, ba ka ce ya raina maka kaya, sai ka ce albarka. Ya ƙara, ko ya wuce.

"Baba, ta gida ko ta kasuwa?"

"A ina ka girma?"

"A kasuwa."

"To."

Ya ce, "Ba zan tafi ba sai ka yarda. In ranar ta wuce, ta wuce." Ya tashi ya fita. A nan ne labarin ya rabu biyu a gidan nan, domin mahaifiyarku ta ji abu ɗaya, shi ya ji wani, kuma kowannensu daidai ya ji. Ina so ku fahimci abu guda. Albarkar kasuwa ba kora ba ce. Wanda ba ka son ciniki da shi, cewa kake kayan ba na sayarwa ba ne. Wanda ka ce wa albarka, ka bar masa ƙofa ne ya dawo da tayi mai kyau. Ina so in ga ko yaron nan sha'awar kaki ce ke ɗibarsa, ko kuwa ya san abin da yake nema ya ɗauke mini.

Hajiya ta gane gaskiyar zancen da ta ga bai fara haɗa kaya ba. Ta same ni a ɗaki.

"Alhaji, ɗan naka ka mayar buhun dawa?"

"Buhun dawa ma ba na ba wanda ban sani ba."

"Gwamnati ce fa."

"Gwamnati ta taɓa sayen auduga a hannuna, Hajiya. Na san yadda muka ƙare."

Tayinsa na farko a sito ya kawo shi. Ya ce zai zauna da ɗan ƙanena Lawal ya koya masa duk abin da ya sani kafin ya tafi. Na ce masa abin da ya ɗauke shi shekaru yana kallo ba zai shiga kan Lawal cikin 'yan kwanaki ba, kuma Lawal in an yi masa murmushi mantawa yake da soka buhu ya duba na ciki. Albarka. Bayan kwana biyu ya dawo da wani. Ya ce karatun digiri ake yi a can haɗe da horon soja, kyauta, har da ɗan alawus, in ya fito ya fara ɗaukar albashi zai ɗauke mini karatun ƙannensa. Na ce masa wannan kuɗin da ba a gani ba ne, ni kuma ban taɓa ba da kaya a kan alkawarin shekara biyar ba. Albarka. Ya daina cin abinci sosai, amma ko sau ɗaya bai makara a sito ba, bai kuma turo mini wani dattijo ya roƙe ni ba. Na lura da wannan. Da ya turo limami ko kawunsa, da na san bai isa ba.

Ana jibi ranar, muna auna waken suya, ya bari 'yan dako suka fita sannan ya matso.

"Baba, kai ba ka sayar wa wanda ba ka gani ba. To mu je tare ka gan su. Ka duba yadda kake duba kaya. In ba ka gamsu ba, mu dawo a mota ɗaya, kuma ba za ka sake jin zancen soja a bakina ba har abada."

Wannan ne tayi na farko da ya sa nasa a ciki. Biyun farko alkawari ne, wannan kuwa ya ɗora duk wahalar da ya sha a kan hukuncina, ya kuma san halina sarai. Ban ce albarka ba. Na ce ya gaya wa direba ya duba mai.

Muka bi ta Zariya muka isa makarantar da hantsi. Bakin ƙofar cike yake da motoci da iyaye da akwatuna. Ban kalli fenti da tutoci da sojojin da aka goge aka tsayar ba, wannan bakin buhu ne, kowa ya iya gyara shi. Na bar Mansur a layi na shiga cikin iyayen da ke ƙarƙashin bishiyoyi ina gaisawa da su ɗaya bayan ɗaya, ina tambayar garinsu da sana'arsu, in muka ɗan saba in tambayi wa suka sani a ciki. Na samu malamin firamare da ya ranto rigar da ke jikinsa. Na samu wata mata daga kudu mai sayar da busasshen kifi, da Hausarta 'yar kaɗan, tana ta nuna mini ɗanta a layi. Na samu makanike, na samu limamin coci. Na kuma ga motoci masu baƙin gilashi da masu su ba su fito ba, na ga wani da 'yan sanda biyu ke bin sa. Ba zan ce muku 'ya'yan waɗannan ba su ci da guminsu ba, ba zan kuma ce sun ci ba, ban sani ba. Abin da na gani shi ne buhun gauraye ne, kamar kowane buhu da na taɓa sokawa, amma tsakiyarsa ba ruɓaɓɓiya ba ce. Wani direba ya ɗauko akwatin ɗan maigidansa zai shiga da shi, wani kofur ya daka masa tsawa ya mayar da shi, ya sa yaron ya ɗora a kansa ya shiga da tsallen kwaɗo. Na ce a raina, wannan ma ana iya shirya shi don idon iyaye.

Akwai wani kyaftin matashi da ke tsaye gefe yana lura da layi, na ji yana Hausa da wani. Na nufe shi kai tsaye.

"Ranka ya daɗe, ni ɗan kasuwa ne daga Funtua, wancan dogon ɗana ne. Me za ku yi da shi?"

Ya dube ni, ya dubi Mansur.

"Wahalar da shi za mu yi, Alhaji. Zai tashi kafin asuba, zai yi gudu da fareti, sannan ya shiga aji ya yi karatun digiri yana gyangyaɗi. Na gaba da shi za su matsa masa. In ya faɗi jarrabawa mu mayar da shi baya, in ya sake faɗuwa mu koro maka shi, ko da saura kaɗan ya gama. Wasu suna karyewa a horo. In ya fito, inda ake harbi za a kai shi, ba ofis ba."

"Zai dawo mini lafiya?"

"Wannan ba zan ce maka ba. Na Allah ne."

"In bayan wata biyu na ga ina bukatarsa a gida fa?"

"A lokacin ba naka ba ne, Alhaji. In kana da shakka, yanzu ne lokacinta."

Na shekara talatin da wani abu ina jin bakin masu saye. Dukkansu hanya ɗaya suke bi, su kushe kayanka su yabi kuɗinsu. Wannan bai kushe kayana ba, nasa farashin ya kushe, a gaban mai kaya, bai kuma damu ko in ba shi ko in hana ba. Na juya maganar a raina ina neman inda dabarar take, domin har rashin damuwa dabara ce a kasuwa. Ban gano ta ba. Layi ya matso, saura mutum kaɗan a gaban Mansur. Ya riga ya ɗora akwati a ka, amma bai taka ba, ni yake kallo. Duk abin da kyaftin ya faɗa a kunnensa ne.

"Ka ji farashin?"

"Na ji, Baba."

"Bai yi maka tsada ba?"

"A'a."

"To na sallama."

Sannan na dafa kafaɗarsa na yi masa ta gida, cikakkiya, na ce Allah ya yi maka albarka, ya tsare gabanka da bayanka. Bai samu ya gama cewa amin ba kofur ya daka tsawa, ya shige da gudu akwati na rawa a kansa. Na tsaya har na daina bambance shi da sauran.

A kakar nan Lawal ya saya mini masara ɗanya mota guda, ta yi fumfuna a sito kafin mu farga. Wani mai kamfanin abincin kaji da muka daɗe tare ya samu tsakuwa a kayan da na tura masa, bai yi faɗa ba, ya dai daina bugo waya. Kafin shekara ta zagayo na mayar da siton haya ga mai shi.

Hutunsa na farko ya dawo kai a aske ƙwal, wuya ya yi tsawo, gwiwar hannu duk tabo. In na shigo sai ya miƙe zumbur. Abinci kuwa kafin ƙannensa su wanke hannu ya gama. Ana cikin magana da shi sai a ga barci ya ɗauke shi a zaune, baya a miƙe. Ya ce ilimin ƙasa aka ba shi ya karanta, ga lissafi ga karatun taswira, kuma a aji wanda barci ya fi ƙarfinsa tashi yake ya tsaya a bayan aji da littafi a hannu. Ya ce a cikin waɗanda suka shiga tare har an sallami wasu, wasu kuma sun gudu da kansu. Hajiya ta ga ƙafafunsa ranar da yake wanke su a bakin rijiya, ta shigo mini ido jawur.

"Alhaji, ka hana shi komawa. Kashe shi za su yi."

"Ke ce kika yi guɗa."

"Ban san haka abin yake ba."

"Ni na sani, an gaya mini a bakin ƙofa. Hajiya, kin taɓa jin na sallama kaya sannan na bi mota na sauke?"

Ta yi kwanaki ba ta yi mini magana sai ta dole. Shi kuwa ko tambayarsa ban yi ba ko yana son ya bari, shi ma bai kawo zancen ba. Ranar komawarsa ya biyo ta sito, ya ɗebi masara a wani buhu ya ciza, ya ce wa Lawal a shanya wannan, ya ɗauki jakarsa.

Ya gama, mun je mun ga an rataya masa tauraro, yawancinku kuna wurin. Tun daga nan daga wannan daji sai wancan, in ya samu inda waya ke kamawa ya kira, in bai samu ba mu jira.

To ga lissafin. Sito uku sun koma ɗaya, shi ma mijin 'yar'uwarku Hauwa ne ke riƙe da shi, kuma da sunansa ake kiran wurin yanzu. Masu saye daga kudu sun koma hannun yaran da na girme wa iyayensu. Abin da na sani na hatsi, wanda na tara tun ina ɗaukar tiya a ka, yana kan mutum ɗaya, shi kuma bindiga yake riƙe da ita. Mahaifiyarku ba ta ƙara sakin jiki da ƙarar waya ba. Har yau kuma ban daina tunanin ko akwai wani hannu a shigarsa da ban gano ba, sai dai shekaru sun wuce babu wanda ya zo karɓar la'ada. Wannan duk ɓangaren faɗuwa ne, kuma idona biyu na yi ta, babu wanda ya rufe ni. A ɗaya ɓangaren, karatun ƙannensa da na ce kuɗin da ba a gani ba ne, ya biya shi, biyu daga cikinku da shi kuka gama. In ya zo gida a tabarmata yake zama, ba ya kuma shiga wurin mahaifiyarsa sai ya fara biyowa ta wurina. Ko waɗannan sun rufe waɗancan, ba zan iya ce muku ba tukuna. A sana'armu ba a lissafa riba sai mota ta isa an sauke kaya lafiya, shi kuwa Mansur har yau yana kan hanya.